Bangon Bakteriya: Yadda Yake Sauyawa Yayin Girma, da Dalilin da Ya Sa Kafso Ke Da Ƙa'ida

Kusan kowace ƙwayar bakteriya tana zaune ne cikin wani kwanso mai ƙarfi da masana ke kira bango. Ƙwayar ƙanƙanuwa ce, sai an jera ɗaruruwa kafin su cika milimita ɗaya, amma cikinta cike yake da gishiri da sukari da furotin, waɗanda ke janyo ruwa daga waje dare da rana. Ba don bangon ba, da ta kumbura ta fashe. Ƙwayoyin halittar jikin mutum da na dabba ba su da irin wannan bango. A kan wannan bambanci aka gina da yawa daga cikin magungunan da ake saya kullum a kemis-kemis na Zangon Agege da ke Legas, irin su Ampiclox da amoksisilin.

Sinadarin da aka gina bangon da shi sunansa feptidogilaikan. Wasu nau'o'in sukari biyu ne, NAG da NAM, suke jeruwa wannan na bin wancan har su zama dogon zare. A jikin kowane NAM akwai ɗan reshe na amino asid biyar, kuma reshen wannan zare yana ƙulluwa da na maƙwabcinsa. Ta haka ake samun raga guda ɗaya da ta lulluɓe ƙwayar baki ɗaya, kamar buhun albasa na raga da aka cika maƙil: ruwa na ratsa shi, amma ya riƙe kayan da ke ciki. Amino asid suna da siffa biyu, L da D. Furotin na jikin mutum da siffar L ake gina shi, amma ƙarshen wannan reshe alanin biyu ne masu siffar D.

Kaurin bangon ya bambanta. A 1884 likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da hanyar rini da ake amfani da ita har yau a ɗakunan gwaji. Masu bango mai kauri, kamar Staphylococcus mai kawo maruru, suna riƙe launin shunayya. Masu bango siriri, kamar ƙwayoyin kwalara da taifot da E. coli, ba sa riƙe shi, sai dai suna da ƙarin fata ta maiƙo a waje wadda ke tare wasu magunguna tun daga bakin ƙofa.

Idan abinci da ɗumi sun wadata, E. coli na iya rabuwa biyu duk bayan minti 20. Kafin ta rabu dole bangon ya faɗaɗa, alhali matsin ruwa na nan a ciki. Don haka rukuni biyu na sinadaran inzayim ke aiki tare, ɗaya na yanke tsofaffin ƙulle-ƙulle, ɗayan na cusa sabon zare yana ƙullewa. Tubalan ginin a cikin ƙwayar ake haɗa su, sannan wani maiƙo ya yi dakonsu zuwa waje. Duk lokacin da aka yi ƙulli, alanin na ƙarshe yakan zube, shi ya sa sabon bango ya fi yawan rassa masu amino asid biyar, tsoho kuwa masu huɗu. E. coli takan rushe kusan rabin bangonta a kowane zagaye na rabuwa, ta kwashe ɓaraguzan ta sake gini da su.

Da abinci ya ƙare, girma yakan tsaya, bangon kuma ya sauya. Gini yana raguwa, zaruruwan suna gajarcewa, ƙulle-ƙulle suna ƙaruwa. A 2009 masu bincike a Jami'ar Harvard da ke Amurka suka gano cewa ƙwayar kwalara, idan ta kai wannan mataki, tana fitar da wasu amino asid masu siffar D, musamman metiyonin da liyusin. Waɗannan suna shiga cikin bangon, su rage saurin gini, su taimaka mata jure sauyin yawan gishiri a ruwa. Wannan na da muhimmanci ga ƙwayar da ke rayuwa a ruwan gaɓar teku kafin ta shiga hanjin mutum, kuma Legas ta ga ɓarnarta a annobar da ta ɓarke a watan Yunin 2024.

Alexander Fleming ne ya gano makamai biyu da ke kai wa bangon hari. Na farko laisozaim, wanda ya bayyana a 1922. Yana cikin hawaye da majina da farin ƙwai, aikinsa tsinka zaren sukarin. Na biyu fenisilin, wanda ya gano a 1928 a asibitin St Mary's da ke Landan. Sai a 1965 Donald Tipper da Jack Strominger suka bayyana sirrin aikinsa: fenisilin ya yi kama da alanin biyun nan na ƙarshen reshe. Inzayim mai ƙulli yakan cafke shi bisa kuskure, ya maƙale, ya daina aiki. Masu yanka kuwa ba su tsaya ba, sai bangon ya yi rauni, ƙwayar ta fashe.

Ma'anar wannan ita ce fenisilin da danginsa suna kashe ƙwayar da ke cikin girma ne. Wadda ta lafe ba ta gini, maganin ba shi da abin da zai ɓata mata. Tun a 1944 likita ɗan Ailan, Joseph Bigger, ya lura cewa 'yan tsirarun ƙwayoyi kan tsira ta wannan hanya, su farfaɗo bayan maganin ya gushe. Amoksisilin kuwa, wanda ke cikin dangin fenisilin, cikin 'yan sa'o'i ƙoda ke fitar da shi ta fitsari, shi ya sa ake rubuta shi sau biyu ko uku a rana na kwanaki a jere. Ɗan dako ko mai shayin da ya ce wa mai kemis "ba ni kafso biyu" ya kashe masu girma a wannan yinin, ya bar na kwance.

Ƙwayar tarin fuka ta fi tsanani. Bangonta na lulluɓe da wani kitse mai kama da kakin zuma, kuma takan ɗauki kusan sa'o'i 15 zuwa 20 kafin ta rabu sau ɗaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa maganinta yawanci ke ɗaukar wata shida. Ƙwayoyin bairos masu kawo mura da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba su da wannan bango sam, don haka Ampiclox ba ya taɓa su. Ita ma kwalara, babban abin da ke ceton mai ita shi ne mayar masa da ruwan jiki ta hanyar ruwan gishiri da sukari ko ƙarin ruwa a asibiti.

Bakteriya ma suna da nasu martanin. Wasu na fitar da inzayim da ke farfasa fenisilin, wasu sun sauya inzayim ɗinsu mai ƙulli ta yadda maganin ba ya kama shi, kamar nau'in Staphylococcus mai suna MRSA da aka fara gani a Ingila a 1961. Fleming da kansa ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan maganin da bai kai kima ba yana bai wa ƙwayoyin damar yin turjiya. Gargaɗin ya shafi dabbobi ma: saniyar da aka yi wa allura aka kai ta mayankar Oko-Oba da ke Legas kafin maganin ya bar jikinta, ragowarsa na iya isa tukunyar mai saye.

Saboda haka a bar wa likita ya tantance ko ciwon na bakteriya ne, a sha maganin a kan sa'o'insa har kwanakin da aka rubuta su cika, kuma kada a ba wani ragowar kafson wani.