Kafin a Wanke Allo

A kakar bara, bayan an yanke gero an ɗaure dammuna an kai rumbu, na je gaishe da baffana a wani ƙauye kusa da Koguna, hedikwatar ƙaramar hukumar Makoɗa, sai na iske shi a zaure ya ɗora wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka a kan buzu, ya yi tagumi yana dubanta kamar mai jinya. Tsohon malamin firamare ne, shi ne kuma magatakardan Islamiyyar garin, kuma tun da ya sayi na'urar nan gwanjo shekaru goma da suka wuce, duk abin da ya ga ya cancanci adanawa cikinta yake zubawa: sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawarsu, hotunan saukar Alƙur'ani, kwafin takardun rabon gadon gonaki, har da muryar yayansa, wato mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana jan baƙi a tafsirin wani watan azumi. Ya danna maɓalli ya nuna mini. Tambarin Windows ya fito, ya ɗan jima, allon ya koma shuɗi, na'urar ta mutu ta sake tashi, haka dai ba iyaka.

Ya ce, "Ka gani ko, ɗana? Wani yaro mai cajin waya ya ce ba ta da magani sai fomatin, wai a wanke ta tas a zuba mata sabuwar Windows."

Na ce, "Baffa, Allah ya sa dai ba ka ba shi ba."

Ya ce, "Ina! Kalmar wankewar ce ta hana ni. Mu da muka riƙi allo mun san ba a wanke shi sai an haddace abin da ke kansa."

Wannan ƙiyasi na baffa ya fi fatawar yaron inganci nesa ba kusa ba, kuma saboda na ga mutane da yawa suna yin asarar da ba ta wajaba a kansu ba, shi ya sa na ga ya kyautu in warware mas'alar. Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, a cikin faifan ajiyar kwamfuta, wanda masu gyara ke kira had-dis, abu biyu ne zaune wuri guda alhali hukuncinsu ya bambanta: akwai babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, kamar Windows, akwai kuma fayilolin mai ita. Misalin manhajar kamar zaure ne, wanda ta nan ake shiga gida. Fayiloli kuwa su ne hatsin da ke rumbu a can ciki. To, idan ruwan Agusta ya rushe zaure, babu mai hankalin da zai ce hatsi ya halaka, balle ya cinna wa rumbu wuta don a ji daɗin sake gini. Ƙofa kawai zai nema ta wani gefe ya kwashe abinsa.

Sabubban rushewar zauren a karkararmu ba ɓoyayyu ba ne. Galibin kwamfutocin gwanjo batirinsu ya riga ya mutu, don haka da zarar an ɗauke wuta ko man janareta ya ƙare, sai su mutu nan take, kuma idan hakan ya dace da lokacin da manhajar ke rubuta wani muhimmin abu, sai ta bar shi rabi da rabi, washegari ta kasa tashi. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga zafin bazara, ga bairos da ake kwasowa a filashi daga shagunan buga takardu. Akwai ma wata ƙaramar illa mai ban dariya: wani ɗan batiri mai kama da kwabo, wanda ke riƙe wa na'urar lokaci da kwanan wata, idan ya ƙare sai ta ruɗe, mai ita ya yi zaton ajali ne ya zo.

Amma wajibi ne a rarrabe tsakanin ciwon manhaja da ciwon ƙarfe, domin maganin wannan guba ne ga wancan. Tsohon had-dis faifai ne da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti guda, da wani siririn hannu da ke shawagi a kansa ba tare da ya taɓa shi ba. Idan ka kara kunne ka ji yana ƙwas-ƙwas, ko yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, to ka kashe na'urar nan take, kada ka ce bari in sake gwadawa, domin kowane kunnawa ƙarin karcewa ne a kan abin da kake son ceto. Kada kuma a buɗe shi a zaure, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta lalata shi. Na baffa dai, alhamdu lillahi, da na saurara sai na ji yana juyi lami lafiya.

Washegari muka bi ta Dambatta muka shiga Kano, muka nufi titin Beirut inda masu kwamfuta suke, na kai shi wurin wani saurayi da na san aikinsa. Ya sa wata filashi ya tayar da na'urar daga cikinta, ba daga had-dis ba, sai ga wani allo baƙo ya buɗe. Wannan ita ce Linux, manhajar da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991, wadda kyauta ake rarraba ta, kuma daga falalarta akwai cewa tana iya tashi daga filashi ta leƙa cikin faifan ba tare da ta rubuta kome a kansa ba. Ita ce ƙofar gefen da na faɗa. Da ma hakan bai yiwu ba, da sai a zare faifan a sa shi cikin ɗan akwatinsa a jona shi da wata lafiyayyar kwamfuta, duk hanya ɗaya ce. Saurayin ya juyo da allon ya ce, "Baba, duba nan, waɗannan ne?" Baffa ya gyara tabarau, ya bi sunayen foldojin da yatsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai biya karatu, bai ce uffan ba sai da ya kai ƙarshe, sa'an nan ya yi hamdala.

A nan zan ɗan ratse. Na so ƙwarai da saurayin ya juyo da allon, domin kwamfutar mutum sirrinsa ce, akwai hotunan iyali da lissafin bashi, kuma wanda aka ba gyara amana aka ba shi, bin diddigin abin da ba a sa shi ba tajassusi ne da shari'a ta hana. Shawarata ita ce mai kaya ya zauna a wurin har a gama kwashewa, ko da zai wuni.

Saura wanda ya riga ya goge, ko aka riga aka yi masa fomatin. Shi ma kada ya yanke ƙauna da wuri. Faifan yana da fihirisa kamar ta littafi, kuma a tsohon had-dis, idan aka goge fayil, sunansa kaɗai ake cirewa daga fihirisar, matanin yana nan a shafinsa har ranar da aka rubuta wani abu a kansa. Fomatin na gaggawa ma fihirisar yake shafewa. Saboda haka akwai manhajoji irin su TestDisk da PhotoRec, na wani Bafaranshe Christophe Grenier, masu bin faifan shafi-shafi suna tsinto abin da ya saura, ko da yake PhotoRec takan dawo da fayilolin ba sunayensu na asali, sai mutum ya zauna ya tantance. Sharaɗin kuwa biyu ne: a daina amfani da na'urar tun daga sa'ar da aka gane kuskuren, kuma abin da aka tsinto a zuba shi a wani faifai dabam. Zuba sabuwar Windows shi ne ainihin rubutu a kan matani, abin da ta hau kansa kuwa ya tafi ke nan. Sababbin fayafayan da ba sa juyawa, waɗanda ake kira SSD, su sukan share gurbin da kansu ba da jimawa ba, don haka fata a kansu kaɗan ne.

Sai da muka kwafe kome a filashi biyu, muka buɗe wasu muka tabbatar suna karantuwa, sa'an nan aka zo maganar gyara, wadda ita ce mafi sauƙi. An buɗe na'urar an busa ƙurar shekaru, an canja ɗan batirin nan, an sa sabon faifai, tsohon kuma aka miƙa wa baffa a leda. Windows 7 ce a kanta, wadda kamfanin Microsoft ya daina yi wa kwaskwarimar tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinta ya cika a Oktoban 2025, ga shi na'urar ba ta da ƙarfin ɗaukar ta bayansu. Ni a ganina tsohuwar kwamfuta irin wannan, wadda aikinta buga takarda da sauraron karatu, Linux Mint ko Lubuntu sun fi dacewa da ita, ko da yake sai mutum ya yi haƙurin mako guda kafin hannunsa ya saba. Baffa ya yi gardama kaɗan, ya ce tsoho ba ya sake sabon allo, daga baya ya yarda.

Hotuna bakwai na wata sauka sun ƙi buɗuwa, wurinsu a faifan ya riga ya lalace. Filashi ɗaya tana wurina a Kano, ɗayar kuwa baffa ya naɗe ta a ƙyalle ya sa cikin gafaka tare da littattafansa. Da muka koma ƙauye bayan sallar isha'i, ya sa aka kira gwaggo da yaran gida zaure, ya ce in kunna musu muryar yayansa.