Dafa Ɗanyen Wake

In kaka ta gabato, waken da aka shuka tsakanin gero da dawa a gonakin Fassi, ƙasar Kibiya, yakan yi 'ya'ya. Kafin ya bushe akan tsinki ɗanye a dafa. Wanda ya fi shi ne kore shar, ƙwaya ta cika amma ba ta yi tauri ba. A dafa shi ran da aka tsinko, gama in ya kwana zaƙinsa ya ragu. Mai huda kuwa a yar, tsutsa na ciki. A wanke, a zuba cikin tafasasshen ruwa da gishiri. Ba sai da kanwa ba, wannan ta busasshe ce. Da ya yi laushi a tsame, a ɓare, a ci da yaji. Ɓawon na awaki ne.