Zafin Sakkwato da Na'urar Riƙe Gudun Mota

Wasu daga cikin tsofaffin Marsandi da ke kai-komo a Titin Sama, cikin birnin Sakkwato, suna ɗauke da na'urar da ta daɗe da mutuwa, wato mai riƙe gudun mota ba tare da direba ya taka totur ba. Ralph Teetor, wani injiniya makaho ɗan Amurka, shi ya ƙirƙiro ta, kamfanin Chrysler kuwa ya fara sa ta a motocinsa a 1958.

Aikinta ya yi kama da yadda jikin ɗan Adam ke tsare zafinsa a digiri 37. Takan auna gudu, ta gwada shi da wanda aka zaɓa, sannan ta ja totur ko ta sassauta.

Babban abokin gabarta shi ne zafi. Da bazara ma'auni kan haura digiri 40 a Sakkwato. Ruwan da ke cikin kafasita yakan ƙafe, ƙarin digiri 10 kuwa kan cinye kusan rabin kwananta. Dalmar da ta liƙe wayoyi ita ma takan tsage.

Ƙwararren mai gyara kan fara da abu mai araha: fis, makunnin birki, da ƙwayayen fitilar birki, domin a Marsandin shekarun 1980 mutuwarsu kan hana na'urar aiki. Daga nan ne zai buɗe akwatinta, ya sabunta dalma, ya canja kafasita.

Gwajin ƙarshe shi ne mai tsaron rai: da zarar an taɓa birki, tilas na'urar ta saki totur nan take. In ta ƙi, gara a cire ta kafin a hau hanyar Gusau.