Saran Maciji a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram: Abin da Masana Suka Gano, da Aikin da Ya Rage wa Hakimai

An shirya wannan takarda ne domin hakimai da magatakardansu, musamman na gundumomin kudancin Masarautar Dutse, watau ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram, har da Maruta da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ƙasa ce ta duwatsu da fadamu, ta noma da kiwo, irin wadda macizai su ke so. Ko sunan Dutsen Mesa, inda zanen shanun mutanen dā ya ke a Birnin Kudu, ya isa ya tuna wa mutum cewa zaman mutane da macizai a nan ba yau ya fara ba.

Masanan da taronsu

Akwai wani fanni na ilmi wanda masu shi ba su da aiki sai binciken halin masu jan ciki da dangin kwaɗi, watau maciji da kada da kunkuru da damo da guza da hawainiya da kwaɗo. Su kan taru lokaci lokaci, kowa ya kawo abin da ya gano a ƙasarsu, a tattauna, a gyara wa juna. Babban taronsu na duniya na farko an yi shi a garin Kantabari ta Ingila cikin 1989. Wanda bai sani ba sai ya ce wannan aikin marasa abin yi ne. To, ba haka ba ne, gama daga hannun waɗannan mutane da likitocin da ke aiki tare da su aka san wane maciji ke kisa, ta yaya dafinsa ke aiki, da kuma maganin da ke karya shi.

Ƙasar nan ta Arewa tana da babban rabo cikin wannan bincike. Cikin shekarun 1970 Likita David Warrell na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya duba mutane masu yawa waɗanda maciji ya sara. Bayansa wasu masana suka bi ƙauyuka suna ƙidaya, a ƙasar Malumfashi da kwarin Binuwai. Cikin 1980 suka bayyana cewa a wani yanki na kwarin Binuwai maciji na saran kusan mutum 500 cikin kowane mutum 100,000 a shekara, kuma kimanin 12 cikin 100 na waɗanda aka sara su kan mutu. Daga baya Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka ci gaba da wannan hidima, tare da asibitin Kaltungo ta Jihar Gombe, wanda ya shahara wajen jinyar saran maciji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta cewa maciji na saran mutum wajen miliyan 5.4 kowace shekara, waɗanda su kan mutu kuwa tsakanin 81,000 ne da 138,000. Cikin 2017 ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Cikin 2018 wakilan ƙasashe suka taru a Janiba suka amince a tashi tsaye a kan al'amarin, kana cikin 2019 aka fito da shirin rage mutuwa da naƙasa da rabi kafin 2030. Tun 2018 kuma aka keɓe ran 19 ga Satumba don wayar da kan jama'a game da saran maciji.

Macizan da ya kamata a sani

Yawancin macizan da a ke gani a gona ba su da dafin da ke kisa. Uku ne su ke jawo mafi yawan ɓarna a ƙasar Hausa.

Ta farko ita ce kububuwa, wadda wasu ke kira gobe da nisa. Ƙarama ce, ba kasafai tsawonta ya kan wuce ƙafa biyu ba, launinta kuwa ya saje da ƙasa da busasshen ganye. In ta fusata ta kan naɗe ta riƙa goga jikinta yana ƙara kamar ana zuba ruwa a kan garwashi. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum ya kan ga ƙafarsa ta kumbura kaɗan, ya ce da sauƙi, ya koma gida. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai jini ya fara fita ta dasashi, ko ta tsohon miki, ko cikin fitsari, wani lokaci ya zuba cikin ƙwaƙwalwa. Ita ce ta fi kowane maciji kashe mutane a Arewacin Nijeriya.

Ta biyu ita ce kasa, mai kauri da faffaɗan kai. Ba ta gudu in ta ji tafiyar mutum, kwanciya ta ke yi a kan hanya har a taka ta. Dafinta yana kumbura gaɓa ƙwarai, ya ruɓar da nama, har ta kai a yanke ƙafa ko hannu.

Na uku shi ne kumurci. Shi ya kan shiga gida da dare neman ɓera da kwaɗo da ƙwan kaji, ya sari mai barci a ƙasa. Yana kuma tofa dafi a ido daga nesa, in ba a wanke da wuri ba idon na iya lalacewa.

Mesa ba ta da dafi. Haka nan hawainiya da kulɓa da damo ba su da dafin da ke kashe mutum, ko da ya ke jama'a na tsoron wasu daga cikinsu. Macizai su kan rage ɓeraye masu cinye hatsi, kwaɗi kuma su kan rage ƙwari, saboda haka ba a neman a ƙarar da su daga daji. Abin nema shi ne a raba su da ƙafar manomi da shimfiɗar yaro.

Yadda a ke yin maganin

A kan kama maciji da rai a tatsi dafinsa, a riƙa sa wa doki ko tunkiya kaɗan kaɗan har jikin dabbar ya koyi yaƙi da shi. Sa'an nan a ɗebi jininta, a tace, a fitar da abin da ke karya dafin, a zuba cikin kwalabe. Da ya ke dafin kowane maciji daban ne, maganin da aka yi da macizan wata ƙasa ba lalle ne ya yi aiki a nan ba. An ga haka a wani asibiti a Ghana: da aka canja zuwa maganin da bai dace da kububuwar wurin ba, mutuwa ta tashi daga ƙasa da 2 cikin 100 zuwa 12 cikin 100.

Don haka Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta haɗa kai da masanan Ingila da na ƙasar Kosta Rika aka yi maganin EchiTAb da dafin macizan Nijeriya. Iri biyu ne: ɗaya na kububuwa kaɗai, ɗaya kuwa ya haɗa kububuwa da kasa da kumurci. An gwada su a kan mutum 400 a Kaltungo, aka bayyana sakamakon cikin 2010, aka ga suna mayar da jini ya riƙa daskarewa.

Akwai kuma wata hanya mai sauƙi da aka gwada a ƙasar nan tun shekarun 1970. Ma'aikacin asibiti ya kan ɗebi jinin wanda aka sara kaɗan, ya zuba cikin busasshiyar kwalba mai tsabta, ya ajiye minti 20. In jinin bai daskare ba, an san dafi ya shiga jiki, sai a ba da magani nan da nan.

Abin yi in maciji ya sari mutum

1. A janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali. Kada a tsaya farautar macijin.
2. A cire zobe da munduwa da takalmi kafin gaɓar ta kumbura.
3. A tallafe gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya yi tafiya da ƙafarsa.
4. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya ko roba tamau. Tsagawa ta kan buɗe wa jini hanyar da ba za ta tsaya ba, ɗauri kuma ya kan kashe gaɓa.
5. Baƙin dutsen da a ke mannawa ba ya zuƙe dafi.
6. In dafi aka tofa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta mai yawa.
7. A kai shi asibitin gwamnati mafi kusa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, a ranar, ko da yana jin sauƙi.

Jama'a su kan ce sun ga wanda gardi ko mai magani ya warkar. Dalilin haka shi ne sau da yawa macijin marar dafi ne, ko kuwa ya yi sara bai zuba dafi ba, mutumin da ma zai tashi. Amma wanda kububuwa ta zuba wa dafi sosai, kwanan da ya yi a zauren mai magani shi ne kwanan da ya rasa.

Rigakafi

Sara ya fi yawa lokacin shuka da noma da girbi, da kuma da dare. Manomi da makiyayi su sa takalmin roba mai tsawo. Mai fita da dare ya riƙe tocila. A yi hankali wajen ɗaga damin hatsi da tarin itace da duwatsu. A nome ciyawar bayan gida, a nisanta rumbu da akurki daga ɗakin kwana, a toshe ramukan ɓera. Barci a kan gado cikin gidan sauro da aka cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa yana tsare mutum daga sauro da maciji gaba ɗaya.

Aikin hakimai da magatakarda

Masana sun yi nasu: sun san macizan, sun yi magani. Abu biyu ya rage waɗanda ba a iya yinsu daga Kano ko Janiba.

Na farko shi ne gaggawa. Ana shawartar kowane hakimi ya tara dagatai da masu unguwa kafin damina ta faɗi, a karanta musu wannan takarda, su kuma su isar a masallatai da kasuwanni da rugagen Fulani. Ya kamata kowane ƙauye ya san tun da wuri wane mai babur ko mai mota za a tasa in abin ya faru da tsakar dare, da kuma asibitin da ke da magani a hannu.

Na biyu shi ne lissafi. Da yawa daga waɗanda aka sara ba su zuwa asibiti, su kan warke ko su rasu a gida ba wanda ya rubuta. Hukuma kuwa da lissafi ta ke sayen magani ta raba, gundumar da ba ta da lissafi sai a ɗauka ba ta da bukata. Saboda haka yana da kyau magatakarda ya buɗe littafi na musamman, ya riƙa shigar da ranar da abin ya faru, da ƙauye, da shekarun mutumin da sana'arsa, da gaɓar da aka sara, da irin macijin in an gane shi, da awa nawa aka yi kafin a kai asibiti, da yadda aka ƙare. Ƙarshen kowane wata a aika da jimlar ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Littafin shekara guda zai nuna ƙauyukan da abin ya fi yawa da watannin da ya fi tsanani, ya kuma zama hujja a hannun hakimi sa'ad da zai nemi a ajiye magani kusa da talakawansa.

Allah ya tsare manoma da makiyaya, ya ba shugabanni ikon riƙe amanar da ke wuyansu, amin.