Fatar ƙarfe da tsawon ran tauraron ɗan'adam

Ranar 19 ga Disamba, 2011 aka harba NigComSat-1R daga Xichang ta ƙasar Sin, aka kuma ɗibar masa shekara 15 na aiki, wato zuwa ƙarshen 2026. Jami'an da takardun sayen magajinsa za su ratsa teburinsu sukan tsaya kan farashi da ranar harbawa. Ba kasafai ake tambayar abin da aka lulluɓe ƙarfen da shi ba.

Da gaurayen alminiyum, magnesiyam da titaniyam ake ƙera jikin tauraro, saboda rashin nauyinsu. Aibinsu shi ne saurin cinyewa idan suna gugar juna. A sararin samaniya kuwa babu iska: maiko na yau da kullum ƙafewa yake yi, kuma ƙarafa biyu tsirara, in suka matsu, sukan manne tamkar an yi musu walda. A watan Afrilun 1991 babbar eriyar kumbon Galileo na Amurka ta ƙi buɗewa. Bincike ya nuna cewa busasshen maikon da aka shafa wa ƙusoshinta na titaniyam ya goge tun a ƙasa, sanadin jijjigar mota tsakanin Kalifoniya da Fulorida. Haka kumbon ya isa Jufita, yana aiko bayanai ta ƙaramar eriya.

Ƙunar hasken rana da ƙwayoyin lantarki masu yawo su ma suna dusashe farin fenti, har ya koma shan zafin da aka sa shi ya kore. Shafi dai ba ya tare dukkan wannan tururi. Sauran aikin na kaurin bango ne da ƙirar na'urori.

Tushen sana'ar ba baƙo ba ne. Ana tsoma alminiyum cikin ruwan asid, a ratsa shi da lantarki, sai fata mai tauri ta tsiro daga jikinsa, kamar yadda ake yi wa firam ɗin taga. Aiki ne na masu fasahar hannu, irin waɗanda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji a Bauchi, wadda aka kafa a 1979, take yayewa.

Injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa NigeriaSat-X a Surrey ta Ingila, aka harba shi a 2011, domin an rubuta horarwa cikin kwangilar. Kwangila mai zuwa tana iya ɗaukar irin wannan sharaɗi, a ambaci fannin lulluɓe ƙarfe da sunansa, a kuma ware gurabe ga malaman kwalejojin fasaha.