Tufafin tafiya daji: bazara, damana da ɗari

Ƴan uwa manoma da makiyaya, mu mutanen tafiyar ƙasa ne. Wani zai tafi kasuwa kilomita 15, wani zai kai bisashe Ingal shan ruwan gishiri cikin watan Satumba. Kafin a tashi ana tuna goran ruwa da sanda da guzuri. Tufafi kuwa sai wanda hannu ya kai gare shi.

Mu fara da bazara. Cikin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Maradi, Damagaram da Tawa. Samari da yawa suna tuɓe riga, wai su sha iska. Wannan kuskure ne. Rana tana dukan fata kai tsaye, jiki ya yi zafi, mutum ya galabaita da wuri. Riga mai faɗi ta auduga ita ta fi. Tana shan gumi, iska na ratsa ta, gumin na bushewa sannu sannu yana sanyaya jiki. Matsattsiyar rigar nailan da ake saye wurin ƴan gwanjo tana riƙe zafi kamar leda, ga ƙuraje.

Ɗalibaina na yaƙi da jahilci sun taɓa gardama: fara ko baƙa? Wani dattijo ya ce in baƙi zafi ne, don mi Buzaye ke sa shuɗi cikin hamada? Tambayarsa tana da ma'ana. A shekarar 1980 masana sun ba da sakamakon gwajin da sunka yi a kan rigunan Larabawa makiyaya. Sun tarar baƙar riga ta fi shan zafin rana, amma in tana da faɗi da kauri, zafin ba ya kai ga fata, iskar da ke hawa cikinta tana fitar da shi. Ashe faɗin riga ya fi launinta muhimmanci. In rigar siririya ce mai kama jiki, to a zaɓi fara. A kai kuma malfa. Ta kaba da matanmu da tsofaffinmu ke saƙawa ta fi hular kanti, don tana rufe wuya da kunnuwa.

Damana batun ƙafa ne. Kububuwa ƙarama ce, launinta kamar ƙasa, tana kwance cikin ciyawa da ƙarƙashin kara, yawancin saranta kuwa daga ƙafa zuwa ƙauri ne. Faɗe na tayar mota yana tare ƙaya, amma bayan ƙafa a buɗe yake. Dogon takalmin roba ya fi shi. Na san da zafi, na san da tsada. Amma kuɗinsa bai kai na maganin sara da kuɗin mota zuwa likita ba, balle noman da za a rasa. Yana kuma kare mai ratsa tabki daga tsargiya, don ƙwayar cutar ta fata take shiga. Kowace safiya a kife takalmi a karkaɗe shi, kunama tana son kwana ciki.

Ni kaina na taɓa yin wauta. Na sayi sabon takalmi ranar kasuwa, na sa shi nan take na kama hanyar gida. Ban kai rabi ba diddige ya saɓule, na ƙarasa da shi rataye a wuya, yara na dariya. Sabon takalmi a fara sa shi cikin gari kwana biyu uku.

Auduga tana da aibi ɗaya: in ta jiƙe ba ta saurin bushewa, da iskar hadari ta taso sai kaɗuwa. Kakanninmu suna da kabido na kaba. Yau leda babba ta isa. A ƙulle riga busassa cikin wata ledar. Kada a yafa buhun da anka zuba maganin ƙwari. Da magariba a sa mai dogon hannu saboda sauro.

Kaka kam ƙarangiya ce sarauniya. A ɗaure bakin wando ko a cusa shi cikin takalmi.

Sai ɗari. Cikin Disamba da Janairu da asuba sanyi, da azahar zafi. Riguna biyu ko uku marasa nauyi sun fi babbar kwat ɗaya, don iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi, rana ta ɗaga kuma a tuɓe ɗaya. Rawani ko ɗankwali ya rufe hanci da baki, ƙurar hunturu tana busar da hanci da maƙogwaro, lokacin sanƙarau ke nan. Amma rawani ba ya maye allurar rigakafi. Mai jin wuta ya kula: nailan in ya kama, narkewa yake ya manne ga fata.

Abin da ya fi damuna yara masu kiwo ne. Uba na cikin bargo, yaro ɗan shekara takwas ya fita da awaki da ƴar taguwa ɗaya, ba takalmi. Kafin ya fita gobe, a yanka tsohon gwado a yafa masa, a auna ƙafarsa da kara a kai ma mai yin faɗe ran kasuwa.