Dalilin da Ke Sa Baƙin Fentin Mota Yin Hazo Bayan Gogewa

Masu gyaran jikin mota sun sha ganin wannan abin takaici: an goge baƙar mota da inji don ta yi sheƙi, amma da aka fito da ita rana sai aka ga wani fari-fari kamar hazo ya lulluɓe fentin. Bayanin wannan yana cikin ilimin haske.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Na can sama ba shi da launi, garau yake kamar gilashi, kuma kaurinsa kimanin mikron 40 zuwa 50 ne, wato bai kai kaurin silin gashin kai ba. Man gogewa kuwa yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu tauri, galibi na alminiyam oksaid, waɗanda ke kankare saman wannan hawa har tsofaffin karce su ɓace. To amma idan fentin mai taushi ne, su kansu ƙwayoyin da soson injin sukan bar dubban sababbin karce da ido ba ya iya rarrabewa.

Haske idan ya faɗa kan wuri mai santsi yakan koma ta fuska ɗaya, kamar a madubi. Idan kuwa wurin na da kaushi, sai ya warwatsu ko'ina. Wannan warwatsuwa ita ce hazon. Farin fenti kan ɓoye ta domin shi ma haske yake mayarwa, amma baƙi haɗiye haske yake yi, saboda haka ɗan abin da ya warwatsu sai ya fito fili.

Zafi na ƙara dagula al'amarin. Baƙin fenti na shan zafin rana, gugar inji kuma na ƙara masa, sai ya ƙara laushi, man ya bushe da wuri. A lokacin hunturu kuma, ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara tana ɗauke da silika, wadda ta fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Ƙwaya ɗaya a jikin soso ta isa ɓata aiki.

Maganin shi ne a wanke motar sarai, a yi aikin a inuwa bayan jikinta ya huce. A kammala da soso mafi laushi da mai mafi ƙanƙantar ƙwayoyi, a rage gudun inji, kada a danne shi, a riƙa share soson akai-akai. A fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri, a haska da tocila a duba. Abin lura shi ne, kowace gogewa na cin wani abu daga hawan nan na sama, wanda ke kare launi daga hasken rana. Idan ya ƙare, sai sabon fenti.

Malami na iya nuna wa ɗalibai wannan a aji: ya goge ɓallin roba mai garau da samfefa har ya dusashe, sannan ya ɗiga masa ruwa. Ruwan zai cike karcen, robar ta washe, da ta bushe kuma hazon ya dawo. Haka maiƙon man gogewa ke ruɗin mai aiki idan bai share shi ba kafin ya duba.